Ni Na Ce Mata Alhamis

Asabar, 27 ga Yuli, bayan sallar asuba

Iska daga gabas, ta fara sauka. Teku da sauran fushi.

Wannan littafin na iska ne. Shekara talatin da wani abu ina rubuta layi ɗaya kullum, inda iska ta fito da yadda teku ya kwana, tun ina kamun kifi na gaskiya, kafin in koma ɗan fashin teku na ƙarya. Yau layi ɗaya bai ishe ni ba.

Sundus ba ta gida tun ranar Alhamis. Ita kaɗai Allah ya bar mana. Ta ajiye takarda a ƙarƙashin gwangwanin sukari: "Baba, Ummi, kar ku neme ni a gari. Ina tare da Ziyad ɗan Lalla Mabruka da wasu. Da mun sauka zan kira." Ba ta ce ina ba, kuma a garinmu Mahdiyya ba sai an ce ina ba: tsallaka teku ne zuwa ƙasar Turawa. Tafiyar yini ɗaya ce da dare ɗaya, in inji ya yi halin kirki. Yau kwana biyu.

Shadliyya ta karanta takardar sau ɗaya, ta ninke, ta sa a ƙirji, ta je ta ɗora ruwan shayi. Shekara talatin da uku da aurenmu, ban taɓa ganin ta zuba shayi babu na'a-na'a ba sai shekaranjiya. Na sha a haka.

Ƙarfe goma jirgin yawo da baƙi zai tashi. Dole in je in ɗaura jan ɗankwali.

Lahadi, 28 ga Yuli, la'asar

Iska kaɗan. Teku ya kwanta kamar bai taɓa yin komai ba.

Baƙi sittin da biyu yau, rabi Turawa jajaye da rana ta gasa, rabi iyalan Aljeriya da kulolinsu. Aikina in tuƙa, in ɗaga takobin katako, in yi gurnani yara su ruga bayan uwayensu. Gemu fari fat, ina rufe lafiyayyen ido da baƙin ƙyalle don a ɗauke ni hoto. Da can abin yana ba ni dariya.

Yau na tura ƙyallen kan goshi. Munji mai ganga, wanda muka fara jan koma tare tun muna da gashi, ya zo ya tsaya kusa da ni yana gasa kifi da hannu ɗaya. Rayis suke ce mini a nan, wato matuƙin jirgi.

"Rayis Faraj, idon ya warke ke nan? Wane malami ya yi maka aiki?"

"Koma kan kifinka, yana ƙonewa."

"Kifina ba ya ƙonewa. Sauke ƙyallen, mai jirgi zai ga hotuna ya ce ka ɓata masa sana'a."

"Da ido ɗaya ba na ganin ruwa sosai."

Bai sake tsokanata ba. Ya yanko kankana ya ajiye mini, ya koma ya buga gangarsa da ƙarfi har baƙin suka juya wajensa, suka bar ni da ruwan.

Litinin, 29 ga Yuli, magariba

Babu iska. Waya ba ta yi ƙara ba.

Talata, 30 ga Yuli, hantsi

Babu iska.

Lalla Mabruka ta shigo tun da sassafe, kafin ta tafi rumfarta ta bakin yashi inda take yi wa baƙi lalle. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun da mijinta ya rasu ƙofarmu ba ta rufuwa gare ta. Yanzu ita da Shadliyya sun ɓullo da wata al'ada: su ajiye wayoyinsu biyu a faranti ɗaya a tsakar gida, su zauna suna tsinke wake, ba mai kallon farantin kuma ba mai daina kallonsa.

Mabruka ce mai magana. Bakinta ba ya hutawa, Allah ya saka mata.

"Ke Shadliyya, saki ranki. An karɓe musu wayoyi ne, haka ake yi can. Ɗan ƙanwar mai gidan burodi sai da ya yi kwana tara kafin ya kira. Kuma Ziyad fa? Bazara huɗu yana kan kujerar ceto a bakin yashin nan, Bature nawa ya ciro? Shi da ruwa kamar uwa da ɗa ne."

"Allah ya sa," in ji Shadliyya.

"Ya sa ma. Si Faraj, kai ba ka ce komai ba."

Na ce ina neman takalmina. Yana ƙafata.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan azahar

Na kwanta a inuwar jirgi bayan mun dawo, barci ya ɗauke ni. Na ga teku ya zama fari, ya daskare, mutanen gari suna tafiya a kansa da lemominsu da kujerunsu na roba. Mai sayar da furen yasmin yana gaba da farantinsa a ka. Na bi su. Can nesa ga Sundus zaune a ɗan akurkinta na sayar da tikitin jirginmu, shi kaɗai a tsakiyar farin, tana cin 'ya'yan kabewa tana tofar da ɓawo a takarda yadda take yi. Na ce mata ki taso mu je gida. Ta ce, "Baba, layi ake bi." Na koma bayan layi, layin kuwa ba ya matsawa, amma ban damu ba tunda ina ganinta.

Da na farka na ji haushin wanda ya tashe ni, sai na ga babu kowa, kyanwa ce ta taka mini ƙafa.

An sa wata yarinya a akurkin tikitin. Tana da ladabi. Ina bi ta bayan rumfar masu soya fanke don kar in wuce ta gabanta.

Alhamis, 1 ga Agusta, da fitowar rana

Mako ɗaya.

Kwanakin Awussu ne, na tsakiyar zafi, duk gari ya sauko wanka a teku tun rana ba ta fito ba, don ciwon sanyi da ƙaiƙayi da abin da ba a faɗa. Tsofaffi da rigunansu, jarirai suna tsala ihu, masu keken doki sun kwance dawakansu sun ja su har ruwa ya kai musu ƙirji. Wani ya shigo da tumaki uku, ɗaya ta ƙwace ta shiga cikin kujerun otal, mai gadi yana binta da tsintsiya. Hazo ya kwanta a kan ruwan, dawakan kamar ba su da ƙafafu.

Duk shekara mu uku muke zuwa. Tana 'yar shekara huɗu nake ɗora ta a wuya, ta riƙe kunnuwana, mu ƙirga igiyar ruwa bakwai tare. Kullum sai ta tsallake biyar.

Shadliyya ta ce ba za ta sa ƙafa a ruwan nan ba har abada, ta zauna a gida da farantin. Mabruka kuwa ta shiga da zanenta, ta tsaya igiya bakwai suka wuce ta, ta ɗebi ruwa ta wanke fuska, tana magana da shi a hankali kamar mai roƙon maƙwabci. Da ta fito ta ce, "Na gaya masa amana ce. Kai ba za ka shiga ba, Rayis?"

Na tsaya iya idon sawu. Ruwan da ɗumi, wallahi da ɗumi, kuma na ji kunyar daɗin da na ji.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan masallaci

Na je ofishin masu gadin teku a bakin tasha. Saurayin da ke kan tebur ya san ni, ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Kawu Faraj, babu komai da sunanta, babu da sunan Ziyad. Rashin labari ma wani lokaci labari ne mai kyau." Na gode masa. Ya rako ni har ƙofa.

Na dawo ta maƙabarta, ta hanyar fitilar jirage. Kaburburan nan farare da suka gangara har bakin ruwa, tun ina yaro nake cewa matattun garinmu sun fi masu otal samun wuri. Wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoto. Matar ta tambaye ni da hannu ko ya halatta, na ɗaga mata kai.

Akwai abin da ban rubuta ba a littafin nan.

Asabar, 3 ga Agusta, magariba

Iska daga arewa, 'yar kaɗan. Faranti shiru.

Lahadi, 4 ga Agusta, la'asar

Na yi abin kunya yau.

Muna can waje inda muke tsayawa a ga manyan kifayen nan masu tsalle, sai na hango wani abu ruwan goro, launin rigar ceto, yana lilo a nesa. Ban san lokacin da na murɗa sitiyari ba. Jirgi ya karkata, farantan kankana suka zube, wata mata ta faɗa kan cinyar wani da ba mijinta ba. Na ba inji wuta har ƙarshe. Baƙin suka ɗauka cikin wasan ne, suka hau tafi suna ihu, wani yana nuna takobin roba gaba.

Agwagwar roba ce ta yara, iska ta kwaso ta daga bakin wani otal.

Munji ya sa ƙugiya ya ciro ta, ya ɗaga sama ya yi shela da Faransancinsa na kasuwa cewa Rayis ya kama ganima. Aka yi ta dariya. Sannan ya zo ya cire hannuna daga sitiyari, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Je ka zauna a baya, tsoho. Yau ni ne ɗan fashi."

Na zauna kusa da inji inda ƙara ta fi yawa, na yi abin da zan yi.

Talata, 6 ga Agusta, bayan sallar asuba

Bari in rubuta, ko na samu in ci abinci.

Ranar Litinin kafin ta tafi, muna karin kumallo, tana shafa man zaitun a burodi, ta ce, "Baba, yaushe teku zai kwanta kwana biyu a jere? Wasu masu biki ne suke so su ɗauki jirgi."

Na fita tsakar gida na dubi sama. Na taɓa igiyar shanya, raɓa ta jiƙe ta sharkaf. Daren jiya wata ya fito babu zobe, tsuntsayen teku suna kwana a kan duwatsun waje. Na dawo na ce, "Alhamis da Juma'a. Kamar mai a faranti."

Ta juyo mini da wayarta. "Nan sun ce iska za ta taso daga gabas ranar Alhamis da yamma."

Na yi dariya. Har yanzu ina jin dariyar a kunnena. Na ce, "Wayar nan ta taɓa shan ruwan gishiri? Wanda ya rubuta wannan yana zaune a ofis da fanka. A kwanakin Awussu gabas ba ta tasowa da raɓa irin wannan, kakanki ya faɗa, ni ma na gani shekara arba'in. Ki gaya wa masu bikinki Rayis Faraj ya ce Alhamis."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "To, Baba." Ta kife wayar.

Ranar Alhamis da la'asar ina tsaye a kan jirgi na ji iskar gabas a bayan wuyana. Kafin magariba an hana kowa fita daga tasha. Na dawo gida ina tunanin yadda Sundus za ta yi mini tsiya, ita da wayarta, na ma shirya amsar da zan ba ta. Sai na tarar da Shadliyya tsaye da gwangwanin sukari a hannu.

Mutum nawa ne a kwale-kwalen, ban sani ba. Ta je ta gaya musu ubanta tsohon matuƙi ne, ya ce Alhamis. Baki shi ke yanka wuya, amma ni ba wuyana ya yanka ba.

Laraba, 7 ga Agusta, hantsi

Na gaya wa Shadliyya. Tana wanke kifi, ba ta juyo ba.

"Ina nan a bakin murhu ranar, Faraj. Ban kurmance ba."

"Kin sani duk kwanakin nan?"

"Na sani."

"Ba ki ce komai ba."

"In ce me? In ce ka cika baki? Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ka cika baki." Ta zubar da ruwan, ta ɗebi wani. "Ni kuma ranar Talata na shiga ɗakinta na ga tana naɗe takardar shaidar karatunta ta jinya a cikin leda, tana liƙewa da wutar kyandir. Na tambaye ta, ta ce saboda danshi. Shekara huɗu takardar tana rataye a bango danshi bai dame ta ba. Na fita na ja ƙofa."

Ta tsame kifin daga ruwan.

"Miƙo mini gishiri," in ji ta.

Na miƙa mata. Muka ci kifin tare a kwano ɗaya, rabonmu da haka tun muna amare.

Alhamis, 8 ga Agusta, magariba

Mako biyu. Ban duba iska ba.

Asabar, 10 ga Agusta, la'asar

Gari ya cika da 'yan garinmu mazauna can ƙetare da suka zo hutu, da motocinsu masu baƙuwar lamba, kaya a sama kamar raƙuma. Suna tafiya a hankali a titin bakin ruwa da kiɗa, hannu a waje. Da na kan yi musu tsaki. Yau ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ma wata rana uwarsa ta zauna gaban waya.

Da yamma hasken ya yi wani iri, ruwa da sama suka zama abu ɗaya, jiragen kamun kifi suna rataye babu abin da ya riƙe su. Na zauna a kan katangar tasha na ga kamar in na miƙa hannu zan taɓa wancan gefen. Ina kewarta. Ina kewar yadda take ce mini "ɗan fashi" in na shigo da yashi a ƙafa.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan azahar

Na bi ta rumfar Mabruka. Tana zana wa wata yarinya Baturiya kifi a hannu. Da yarinyar ta tafi ta ce in zauna. Ta rame, kwallin idonta ya yi mata yawa.

"Si Faraj, kai ka san teku. Kowa a garin nan kai yake tambaya. Kar ka yi mini irin maganar mata. Iskar ranar nan, kwale-kwale zai iya?"

"Ban sani ba, Lalla."

"Ka sani mana. In ka ce zai iya, zan yarda."

"Shi ya sa ba zan ce ba."

Ta dube ni, ta ga abin da ta gani. Ban gaya mata zancen Alhamis ba. Ta jawo hannuna ta ɗiga mini lalle a tsakiyar tafi, ɗigo ɗaya, ta ce na sa'a ne, kar in wanke sai ya bushe. Na tafi da hannu a buɗe har gida kamar mai bara.

Litinin, 12 ga Agusta, magariba

Shiru.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe tara da rabi na safe

Ta kira.

Rubutun ya karkace, ba komai. Mabruka ta ɗauki wayarta ta tafi rumfa ƙarfe takwas. Ina ɗaura ɗankwali sai ta Shadliyya ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai tsawo. Shadliyya ta kasa taɓawa. Ni na ɗauka.

"Baba."

Muryar ta dushe kamar ta tsohuwa, amma ita ce. Na zauna a ƙasa. Shadliyya ta manna kunnenta a bayan wayar, muka riƙe ta mu biyu.

Ta ce tana asibiti, wata ma'aikaciya ce ta ara mata waya, minti biyu. Ta ce ƙafafunta ne amma suna warkewa. Ta ce wani babban jirgi ne ya tsince su, ba ta san rana ta nawa ba. Na buɗe baki in ce mata abin da na kwana goma sha tara ina shiryawa, ta katse ni.

"Baba, bar wannan. Ba ni da lokaci. Lalla Mabruka tana kusa?"

"Tana rumfa."

Sai ta rage murya.

"Ziyad bai sauka tare da mu ba. Tun daren farko. Na gani da idona, Baba, kar ta jira. Kai za ka gaya mata, kar ta ji a bakin 'yan tasha."

Sai wata murya ta yi magana da wani yare, wayar ta mutu.

Shadliyya ta yi sujada a kan siminti, ta daɗe. Ta ɗago za ta yi guɗa, sai ta dubi katanga, ta toshe bakinta da hannu biyu.

Talata, ƙarfe goma saura

Na aika wa Munji ya fita da jirgi. Na cire ɗankwalin, na sa farar rigata ta Juma'a.

Na wanke fuska sau uku. Na duba madubi, farin cikin yana nan, ya ƙi fita. Allah ka gafarta mini, 'yata tana da rai, kuma duk wanda ya kalle ni zai gani.

Shadliyya ta sa mayafi, ta ce tare za mu je.

Talata, bayan azahar

Bakin yashi cike, yara suna gina gidaje, mai fanke yana kiran ciniki. Ta hango mu tun daga nesa, mu biyu, ni da farar riga a ranar aiki. Ta ajiye robar lallen. Ta miƙe tana goge hannu a zane, tana duban fuskata, sai tata fuskar ta washe gaba ɗaya.

"Sun kira," in ji ta. "Na gani a idonka, Si Faraj. Sun kira, ko?"

Na ce, "Sundus ta kira, Lalla. Zauna."